Sai ɗan gado ne ke waƙar gargajiya?

Tambaya: Malam, ni budurwa ce daga unguwar Zango, nan Damagaram. Allah ya ba ni murya, ina kuma son waƙar gargajiya, amma kawuna ya ce mu ba maroƙa ba ne, waƙa ta 'yan gado ce. Haka ne?

Amsa: 'Yata, kawunki bai yi ƙarya ba, sai dai kiɗan fada yake nufi. Tambari da kakaki da algaita na ƙofar Sarki a Birni suna da masu su, ɗa ya gaji uba. Waƙa irin ta Ma'azu Ɗan Alalo, mawaƙin fadar Damagaram, kuwa sai wanda ya san kirarin sarakuna da asalinsu tun daga kan Sarki Tanimun da magabatansa. Wannan ba a shigar ta da ka.

To amma fada ba ita ce dukan waƙa ba. Mamman Shata bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ba. Kusa da mu ga marigayi Malam Mamman Barka, Batube ɗan Tesker, malamin makaranta, wanda ya ɗauki gurmi ya yi ta waƙa da Hausa. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi biram, wani kayan kiɗa mai tsirkiya, wurin ƙabilar Buduma, a lokacin da kayan kiɗan ke shirin mutuwa da mai shi na ƙarshe. Da an tsaya jiran ɗan gado, da biram ya tafi ke nan.

Ku mata ma kuna da fagenku tun kaka da kakanni: gaɗa a dandali, waƙar daka da ta niƙa, kiɗan ƙwarya a gidan biki, inda Barmani Coge ta yi suna. Ni a ganina ba gado ne ke damun kawunki ba, kalmar "roƙo" ce, da tsoron abin da dangin miji za su faɗa gobe. Wannan da lalama ake warware shi, ki sa gwaggo ko kaka ta yi masa magana.

In ya yarda, kada ki fara da waya da Facebook. Nemi zabiya dattijuwa a unguwarku, ki kai mata goro, ki shiga cikin 'yan amshinta. A amshi ake koyon inda ake ɗaukar numfashi da inda ake saki wa makaɗi. Ki yi shekara a bayanta kafin ki ja baiti na kanki.