Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Samfila da Yankan Sauti

Tambayoyin wannan makon duk sun karkata kan samfila, akwatin nan mai maɓallan roba da ake ɗaukar sauti a ciki, a yayyanka shi, a sake jera gutsattsarin su zama sabon kiɗa.

Ina haɗa kiɗa a kwamfuta, yanzu na tara ɗan kuɗi. Wacce zan ɗauka tsakanin MPC One, SP-404MKII da Digitakt? Abokaina sun ce asara ce tunda manhaja tana yin komai.

Ɗan'uwa, abokanka ba su yi ƙarya ba. Da wuya ka sami abin da akwatin zai yi wanda kwamfutarka za ta gagara yi. Abin da kuɗinka zai saya maka shi ne yanayin aiki: ido ya huta, yatsu da kunne su karɓi ragama. Idan abin da ke jan ka ke nan, bismillah. Idan kuwa kana zaton kiɗanka zai gyaru don ka sauya kayan aiki kawai, riƙe kuɗinka tukuna.

MPC One da Akai ta fitar a 2020 situdiyo ce sukutum, da allon taɓawa da maɓallai 16, za ka iya kammala waƙa a cikinta. Matsalarta a wurinka ita ce ta yi kama da kwamfutar da kake son hutawa da ita. Digitakt ta kamfanin Elektron, ta 2017, gwana ce wajen jera bugu mataki-mataki da sauya sautin kowane mataki shi kaɗai, amma ta farkon ba ta ɗaukar sitiriyo, sai ta biyu da ta fito a 2024. Maɓallanta kuma ba na buga ganga da yatsa ba ne. SP-404MKII ta Roland, ta 2021, ita ce mai saurin hannu: ka ɗauka, ka yanka, ka zuba mata kayan ƙawata sauti, ka sake ɗaukar abin da ya fito. Tana aiki da batir, tana kuma riƙe abin da ka buga a daƙiƙun da suka wuce, don haka idan yatsunka suka dace da wani abu mai daɗi ba tare da ka danna ɗauka ba, za ka iya tsamo shi. Jera doguwar waƙa a kanta dai sai da haƙuri. Tunda kana da kwamfutar da za ta yi wannan aikin, ni SP ɗin zan ce ka ɗauka.

Sautin tsofaffin na'urori nake so, mai kaushin nan. In nemi SP-1200 ko MPC60 na hannu?

Na fahimci shauƙin, ni ma ina ƙaunar wannan sautin. SP-1200 ta kamfanin E-mu ta fito a 1987, tana ɗauka da bit 12 a kan kilohaz 26, ma'aunan da ke nuna yadda na'ura ke ɗaukar sauti dalla-dalla, kuma duk abin da cikinta ke iya riƙewa daƙiƙa 10 ne. MPC60, wadda Roger Linn ya tsara wa Akai, ta biyo baya a 1988, ita ma bit 12. Ƙarancin wurin ajiya ne ya sa masu haɗa kiɗa na lokacin suke juya faifan garmaho da aka yi don juyi 33 a minti a kan juyi 45, su ɗauke shi da sauri, su tsira da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wurin, sannan su sauke muryar a cikin na'ura ta koma daidai. A wajen saukewar nan ne kaushin ke fitowa sosai.

Amma ka tuna kayan sun haura shekara talatin. Allonsu kan dushe, maɓallai kan mutu, ajiyarsu a kan tsohon faifan fulofi take, kayan gyara ba sa samuwa da sauƙi. A matsayin na'urarka ta farko, a'a. Sababbin MPC suna da tsarin kwaikwayon sautin tsofaffin, kuma dabarar 45 ɗin nan za ka iya yin ta a kowace samfila yau da daddare. Idan duk da haka zuciyarka ta kafe, kada ka biya sai ka danna kowane maɓalli a hankali da kuma da ƙarfi, ka ɗauki sauti ta kowace kafar shiga, ka adana, ka kashe na'urar, ka kunna, ka ga ko abin da ka adana ya dawo.

Na jona garmahona da samfila, amma sautin ya fito siriri, babu kauri, ga kuma gunji a ƙarƙashinsa. Na'urar ce ta lalace?

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, lafiyarta ƙalau. Siginar da allurar garmaho ke fitarwa ba ta da ƙarfi, kuma tun a wajen buga faifai ake rage kaurin sauti da gangan, a ƙara kaifinsa, don tsagin faifan ya iya ɗauka. Akwai ƙaramar na'ura da ake sa wa tsakani, mai ƙara ƙarfin siginar ta kuma mayar da kaurin. Wasu garmaho suna da ita a ciki, da ɗan makunni a baya, duba naki kafin ki sayi komai. Wasu samfila, kamar MPC Live, suna da kafar garmaho ta musamman. SP-404MKII da MPC One ba su da ita. Gunjin kuma yawanci daga siririyar wayar nan ce ta ƙasa da ke rataye a bayan garmaho, ki ɗaure ta a dunƙulen da aka tanadar mata a jikin na'urar da kika jona garmahon da ita.

Wajen ɗauka, ki nemi inda waƙar ta fi ƙara, ki saita ma'auni ya tsaya wajen desibel 6 zuwa 12 ƙasa da sifili, wanda shi ne rufin ma'aunin. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya. Wanda ya bugi rufi ya fashe ba ya gyaruwa.

Idan na yanka samfur, wato sautin da na ɗauka, sai in ji "ƙas" a bakin kowane yanki, kuma in na buga su suna hawa kan juna. Gaba ɗaya kiɗan ba shi da rai. Me nake yi ba daidai ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, don haka zan ɗan daɗe a kanta.

Ƙarar "ƙas" tana zuwa ne idan ka yanka igiyar sauti a inda take sama ko ƙasa, lasifika ta yi tsalle farat ɗaya. Faɗaɗa hoton igiyar, ka matsar da bakin yankin zuwa inda ta tsallaka layin tsakiya. Na'urori da yawa suna da saitin da ke yin haka da kansa. Idan ta ƙi tafiya, sassauta shigar yankin da 'yan milisakan kaɗan. Hawa kan juna kuma maganinsa a sa duk yankunan cikin rukuni guda na kashe juna, wanda ka danna ya katse na gabansa.

Batun rai ya fi waɗannan zurfi. Na'ura tana iya yanka maka ta hanya biyu: ta raba samfur gida-gida daidai wa daida, 8 ko 16, ko ta bi duk inda sauti ya yi tsini ta sa alama. Ta farkon tana ɗauka makaɗan faifan sun yi kiɗa kamar agogo, alhali mutane ne, suna ɗan gaggawa a nan, su ɗan ja a can. Ta biyun tana aiki da kyau a kan ganguna zalla, amma ka ba ta fiyano da murya da goge a haɗe sai ta ruɗe. Hanya ta uku ita nake so ka koya: ka saki samfurin yana tafiya, kana danna maɓalli duk inda kunnenka ya ji abu ya sauya. Sabon amon fiyano ya faɗo, danna. Mawaƙiya ta ja numfashi kafin ta buɗe baki, danna kafin numfashin, domin sau da yawa wannan numfashin ya fi kalmar da ke bin sa daɗi. Bayan haka sai ka koma ka gyara bakin kowane yanki da hannu.

Ka bar jela. Sabbin shiga sukan datse yanki ƙurmus a inda na gaba ya fara, sai in sun rage gudun kiɗa rami ya bayyana tsakani. Tela ma yakan bar rara a gefen yadi kafin ya ɗinka. Bari kowane yanki ya ci gaba da tafiya, na gaba ne zai katse shi.

Sannan kada ka buga su bisa jerin da suka zo. Fara da na biyar, maimaita shi sau biyu, tsallaka zuwa na biyu, ka bar wuri fayau inda ganga za ta yi magana. Idan gudun samfur bai dace da naka ba, gwada sauya muryarsa kafin ka nemi na'ura ta miƙe shi: ɗaga shi mataki guda, wato tazarar maɓallin fiyano da na kusa da shi, yana ƙara gudu da kusan kashi 6 cikin 100, kiɗa mai bugu 85 a minti ya koma 90. Kaurin da ke cikin samfur kuma yakan yi faɗa da babbar gangarka, sai ka tace shi ka rage ƙasan. Kuma ka gwada kashe saitin da ke jawo kowane bugu kan layi. Ka buga da hannu, ka bar ɗan lattin nan da yatsanka ya yi.

An ce idan samfur bai kai daƙiƙa biyar ba, babu ruwan doka. Haka ne?

Kada ka dogara da wannan zancen. Faifai yana da masu haƙƙi iri biyu: mai ɗaukar sautin, wanda yawanci kamfani ne, da mai waƙar da ya tsara ta. A Amurka, tun shari'ar mawaƙin rap Biz Markie a 1991 kamfanoni suka tsananta neman izini kafin a saki kiɗa, kuma a 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa ko ɗan guntu ne aka ɗauka daga faifai sai da lasisi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Koyo a ɗakinka daban, sakin waƙa a kasuwa daban. Idan za ka saki, ka nemi izinin ɓangarorin biyu a rubuce, ko ka sayi samfuran da aka yi don haka ka karanta sharuɗɗansu, ko ka jona makirfo ka ɗauki abokinka mai jita na minti goma, ku yi yarjejeniya tun kafin ka fara yanka.