Ba duk abin da ka ƙirga ne zai shiga rahoto ba

Ɗana, ka tambaye ni cikin abubuwa wajen 40 ɗin nan da ka tattaro na kamfanin simintin, wanne za ka sa a rahoton ɗorewa, wato rahoton yadda aikin kamfani ke shafar mutane da muhalli, wanne za ka bari. Na duba jerin naka. Takardar da aka rage bugawa a ofis, ƙwan fitilar da aka canza, bishiyoyin da aka dasa, duk ka ƙirga su tsaf, amma tandar gasa dutse ka jefa ta can ƙasa. To wallahi ita ce ta farko.

Tandar nan zafinta na kai digiri 1,450, kuma fiye da rabin iskar kabon da ake fitarwa wajen yin siminti daga jikin dutsen farar ƙasar take fitowa idan ya gasu, sauran ne na makamashin da ake ƙonawa. Kaga ko an canza fitilun ofis kaf, ba a taɓa jikin matsalar ba. Haka in banki aka ba ka, kada ka tsaya kan lantarkin rassa, ka bi bashin da suka bayar ka ga ina ya tafi, ma'adinan kwal ne ko me.

Sannan ka tambayi kamfanin da wane ma'auni suke aiki tun kafin ka fara. GRI, ƙungiyar duniya mai tsara ma'aunin irin wannan rahoto wadda aka kafa tun 1997, tana duba illar da kamfani ke yi wa mutane da muhalli. Ma'aunin da wata hukumar duniya mai suna ISSB ta fitar a 2023 kuwa, wanda ake kira S1 da S2, mai zuba jari yake yi wa hidima, wato me zai taɓa kuɗin kamfanin. Tarayyar Turai ta ce a duba duka ɓangarorin biyu, illar ga mutane da muhalli da kuma abin da zai taɓa kuɗin. Ni dai a raina na fi son a fara da mutane, don ƙurar da ke sauka kan rufin maƙwabta yau gobe ita ce ƙara a kotu.

Kuma dan Allah kada ka yanke wannan hukunci daga kan kujera. Ka je ka zauna da direbobi, da masu aikin dare, da mutanen da ke zaune bayan katangar, ka saurara. Abin da ba ya faruwa kullum amma in ya faru ba ya gyaruwa, kamar mutuwar ma'aikaci a bakin inji, ya fi abu ɗari ƙanana nauyi.

Duk wanda ka cire, rubuta dalili a gefe, odita sai ya tambaya. Ka sake jera su ka kawo min ranar Litinin mu duba tare.