Tambaya da amsa: Da wane katako zan yi wa motar feda jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mai walda ya haɗa mini firam na mota mai ƙafa huɗu da ake tuƙawa da feda, ni da uwargida a gaba kowa da fedarsa, yara biyu a bencin baya. Saura jiki. Kafintan unguwarmu ya ce in sayo marin bod, wato wani irin filawud, mai kaurin milimita 18 guda biyar, a yi ƙasa da gefe da rufi duk da shi, wai ko babur ya buge mu ba abin da zai sami yaran, kuma ruwa ba ya cin sa. Har na kusa biya sai hankalina ya ƙi kwanciya, don ranar da na gwada ɗaga guda ɗaya sai da na nemi mai kama mini. Ga unguwarmu da gangara. Yaran nan su ne damuwata. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka biya kuɗin nan. Nauyin da hannunka ya ji shi ne gaskiyar magana.

Mu yi lissafi. Fallen filawud mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, in kaurinsa milimita 18 ne, yakan kai kilo 30 zuwa 35. Biyar sun haura kilo 150, kuma ko an zubar da guntaye ba za ka rasa 120 a kan motar ba. Mu ce firam da ƙafafu kilo 50, kai da uwargida 140, yara 50. Kun doshi kilo 360. Birkin keken da nake zaton mai walda ya sa maka an yi shi ne don mutum ɗaya da kekensa, kilo ɗari da 'yan kai. To wa zai tsayar da ku a gangarar nan? A hawa kuma, mutum mai lafiya wanda ba ɗan tsere ba abin da yake iya bayarwa na tsawon lokaci bai wuce wat (ma'aunin ƙarfin aiki) 75 zuwa 100 ba. Ku biyu ko rabin ƙarfin doki ɗaya ba ku da shi. Ƙarshenta uwargida za ta sauka ta yi turi, daga ranar kuma ta gama shiga motar.

Wannan zance na cewa kauri shi ne kariya kullum sai na ji shi, kuma ya ishe ni. Masu yaɗa shi mutanen da suka saba haɗa gado da kabad ne, kayan da ke zaune wuri ɗaya shekara ashirin. A can kauri bai ɓata komai ba. Abin da ke tafiya a kan ƙafa hukuncinsa daban ne. Duk kilo ɗaya da ka ƙara sai birki ya biya shi: nauyi ya ninka, aikin birki ya ninka, gudu ya ninka, aikinsa ya ninka sau huɗu. A gangara kuwa gudun da kansa yake zuwa, ba sai ka taka feda ba. Katakon da aka ce zai kare yaranka daga babur shi zai kai ku gaban babur ɗin, ko ya zuba ku a kwata.

Kuma ma kariyar ƙarya ce. Filawud ba ya lanƙwashewa ya shanye duka yadda ƙarfen mota yake yi. Yana jurewa zuwa wani matsayi, sannan ya tsage ya fitar da tsini, ko ƙusoshin su zare ya taho gaba ɗaya ya danne wanda ke ciki. Ka tambayi kafintan naka da me zai haɗa kusurwoyin. Zai ce ƙusa da farin gam. Ƙusar da aka buga a bakin filawud, tsakanin yadudduka, ba ta riƙe komai, buɗe su ma take yi. Farin gam kuwa ba ya kama baƙar fuskar nan mai santsi ta marin bod, fenti ma haka. Da gangan aka yi ta da santsi don kada siminti ya manne mata, domin abin da ake sayarwa da sunan marin bod a yawancin kasuwannin katakonmu allon zuba kankare ne na magina. Fuskar ce kawai ba ta shan ruwa. Da zarar zarto ya ratsa shi bakin ya buɗe, kuma cikin masu arahar cike yake da guntaye da ramuka. Filawud na jirgin ruwa na gaske wani abu ne daban, mai ƙa'idar BS 1088, galibi da itacen okume na Gabon, mara nauyi, mai tsada, kuma ba kowane shago ke da shi ba.

Mafi muni a shawarar ita ce rufin. Ka ɗora kilo 30 a saman kawunanku a kan mota mai ƙunci, ka ɗaga cibiyar nauyinta sama. Keke mai ƙafa biyu yana kwantawa a kwana, naka mai ƙafa huɗu ba ya kwantawa, sai dai ya ɗaga ƙafafun ciki ya kife. Rufi mai nauyi shi ke sa hakan ta faru ko da gudun bai kai ya kawo ba. Dubi rufin Keke Napep: tamfol ne a kan siraran bututu, alhali inji gare shi. Kai da ba ka da inji ka fi shi buƙatar sauƙi.

Har yanzu ban gama da kafintan ba, don na san abin da zai biyo baya. In ya shimfiɗa ƙasa mai kauri, sai ya ce ai a kanta za a ɗaure benci, a kanta za a ɗaure bel ɗin yara. A'a. Benci, bel, sitiyari, hannun birki, gindin feda, duk abin da ke ɗaukar nauyin mutum ko fizgarsa, a jikin ƙarfen firam ake ɗaure shi da bolti da noti. In babu ƙarfe a wurin, a koma wajen mai walda ya ƙara. Jikin katako riga ce kawai, ta tare ƙura da yayyafi da hannun yaro. Gwajin da nake ba kowa shi ne: kwance jikin gaba ɗaya ka ajiye gefe. In motar ba ta tuƙuwa lafiya haka tsirara da nauyin mutum huɗu a kai, aikin bai yi ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Charles Mochet a Faransa ya yi ta ƙera irin motar nan, Velocar, tun shekarun 1920, mutum biyu gefe da gefe kowa da fedarsa, kuma jama'a sun mora ta sosai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da fetur ya yi wuya. Firam na bututun ƙarfe ne, jiki kuwa siririn filawud.

Ga abin da za ka saya. Milimita 4 don gefe da gaba da baya, falle biyu ko uku. Milimita 9 don wurin taka ƙafa kaɗai, shi ma a kan ƙarfen da aka gitta a ƙarƙashinsa. Siraran sanduna na itace mara nauyi irin obece, a tsaga tubaitu (sandar katako mai inci 2 da 2) gida biyu ko huɗu, don kusurwoyi. Jikin duka kada ya wuce kilo 20 zuwa 25. Za ka ce milimita 4 ai lagwai-lagwai yake. A shimfiɗe haka ne, amma ka ɗan lanƙwasa shi ka ɗaure a kan sanda ka ga yadda zai sandare. Saboda haka kada ka yi akwati mai kusurwa huɗu. Ba wa gaban da gefen ɗan lanƙwasa. Fara yanka fasalin da kwali, a manna a kan firam, kowa ya zauna a wurinsa ya juya feda, a tabbatar gwiwa da diddige ba sa taɓa komai, sitiyari ya juya iyakarsa taya ba ta goga ba. Sannan a taɓa zarto.

Kafin ka sayi da yawa, karɓi guntu ka jefa a tukunya ya tafasa awa biyu ko uku. In yaduddukan suka rabu, gam ɗinsa na cikin ɗaki ne, damina ɗaya za ta gama da shi. Haɗin kusurwa a yi da gam mai jure ruwa, ifoksi ko makamancinsa, da ƙananan sukuru da ke shiga cikin sandar. Wajen ɗaure jiki da firam sa bolti da washa mai faɗi, ka yanko tsohon tub ka sa tsakani saboda girgiza. Duk bakin da zarto ya bi a shafe shi da ifoksi ko fentin mai sau uku, don ta nan ruwa ke shiga. Huda ƙananan ramuka a ƙasan don ruwa ya fita. Gilashi kuwa kada ya kusanci motar nan. Bar gefen a buɗe daga kafaɗa zuwa sama, in ba haka ba zafin watan Afrilu zai kore ku.

Kuɗin marin bod biyar da ka tsira da su, zuba su a birki. Birkin faifai ko na ganga a ƙafafu biyu na layi ɗaya, masu kamawa tare daidai wa daida, da wani na dabam mai kulle don ajiyewa a gangara. In ƙafafun manya ne masu inci 26 ko 28, duba yiwuwar komawa inci 20, don sun fi jure turin gefe a kwana. A rufe sarƙa ruf, a rufe tayoyin baya ta ciki, saboda yatsun yara da hijabin uwargida. Yadda sarƙar babur ke cin hijabi haka wannan ma za ta ci.

Ranar gwaji kada ka sa yaro ko ɗaya. Ɗaure buhunan yashi daidai nauyin mutum uku a kan bencinan motar, fara daga ƙasan gangarar, kana ƙara hawa kaɗan-kaɗan kana gangarowa kana kama birki. In kafintan ya nace a kan milimita 18 ɗinsa, ce masa ya zo ya zauna a madadin buhu ɗaya.