Hukuncin Nazarin Finafinan Ban Tsoro ga Ɗalibin Jami'a

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a sashen wasan kwaikwayo da fim a wata jami'a nan Legas, gidanmu a Agege. An ɗora mana kwas a kan tarihin finafinan Najeriya, kuma mafi yawan waɗanda za mu kalla na mayu ne da matsafa da fatalwa. A ƙarshen zango kowane rukuni zai shirya gajeren fim na ban tsoro. Ya halatta in kalla, in yi rubutu a kai, in kuma shiga shirin?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗana, kallo don nazari daban, shiryawa daban, kowanne da hukuncinsa.

Malamanku ba su da yadda za su kauce wa waɗannan finafinai. Fim ɗin Yarabawa daga wasan daɓe ya fito, irin na Hubert Ogunde da ƙungiyarsa masu yawo gari-gari, shi ya sa har yau za ka ga ɗan wasa yana zare ido yana ɗaga murya kamar mai son na ƙarshen zaure ya ji. Harkar bidiyon da ta cika kasuwannin Idumota da Alaba na Legas kuwa, ana danganta bunƙasarta da fim ɗin Living in Bondage na 1992, labarin mutumin da ya ba da ran matarsa don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat. In aka cire tsafi daga wannan tarihi, an cire rabinsa.

To kallo don nazari ya halatta gwargwadon buƙata. Huzaifa ɗan Yamani, Allah ya yarda da shi, ya ce mutane suna tambayar Annabi (SAW) alheri, shi kuwa sharri yake tambaya don gudun kada ya riske shi. Buhari da Muslim suka ruwaito. Kuma malamai sun ce wanda ya hakaito kafirci bai zama kafiri ba, Alƙur'ani ma ya kawo maganar Fir'auna yadda ya faɗe ta. Masu haramta kallon kan kafa hujja da aya ta 116 a Suratul A'araf, inda matsafan Fir'auna suka sihirce idanun mutane suka tsorata su, su ce ai fim ma haka ne. Wannan ƙiyasi bai tsaya ba. Matsafan sun so a gaskata cewa igiya ta zama maciji ne. Kai kuwa aikinka shi ne tona dabarar: mayya tana ɓacewa ne saboda an tsayar da kyamara, ta fita, aka ci gaba, dabarar da mai shirya fim Georges Méliès ya yi amfani da ita a Faransa tun 1896, jinin kuwa ruwan sukari ne da kalar abinci, fuska tana muni ne saboda an haska ta daga ƙasa. Wanda ya san wannan ya fi ƙarfin a ruɗe shi.

Sai dai halaccin yana da iyaka. Inda tsiraici ya fito ka kawar da kai ko ka tsallake, don umarnin runtse ido a Suratun Nur aya ta 30 bai keɓe ɗalibi ba. In jarrabawa za ta taɓo wurin, bayanin da ke rubuce ya ishe ka. Ka kalla da biro a hannu, kana tsayarwa kana rubutawa, kada sallah ta wuce ka. A rubutunka ka ce "fim ɗin ya nuna", kada ka rubuta kamar kana tabbatarwa. Aljanu da sihiri gaskiya ne a aƙidarmu, amma mamaci ba ya dawowa ɗaukar fansa, domin aya ta 100 a Suratul Mu'uminun ta ce akwai shamaki a bayansu har ranar tashi. Idan kuma ka ga ka fara tsoron shiga banɗaki da dare, ko kana neman laya, to ka tsaya a kan abin da kwas ya wajabta kawai, ka riƙe Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara kafin barci.

Shiryawa ta fi nauyi, kuma a nan ɗalibai suke zamewa wajen neman abin ya yi kama da gaske. Ba ya halatta ku je wurin boka ko babalawo, wato bokan Yarabawa, ya koya muku surkulle ko ya ara muku kayan aikinsa. Hadisin Muslim ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Malamai sun keɓe wanda ya je don ya ƙure shi daga wannan hukunci, amma mai neman aron ƙwarya da layu ba ƙurewa ta kai shi ba. Haka nan kada bakinka ya furta kiran wani abin bauta, kada goshinka ya taɓa ƙasa a gaban gunki, ko da darakta ya ce wasa ne. Rangwamen furta kalmar kafirci da ke Suratun Nahl aya ta 106 na wanda aka tilasta ne, maki kuwa ba tilas ba ne. Kada a yanka kaza a gaban wurin tsafi ko da na kwali ne, kada a mai da Alƙur'ani kayan ado a fitowar boka, kada a taka kaburbura don ɗaukar hoto. Sai kuma ɓoye kyamara a firgita masu wucewa, wanda samari suka mayar abin dariya a intanet: Abu Dawuda ya ruwaito cewa ba ya halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi, kuma sababin hadisin ma wasa ne aka yi wa wani sahabi yana barci. Maƙwabcinka da ba Musulmi ba shi ma haramun ne ka cutar da shi.

Shawarata ka nemi riƙe kyamara, ko haske, ko sauti, ko tace hoto, kuma ka sa baki tun wajen rubuta labari. Ana tsorata mai kallo da ƙarar ƙofa, ɗaukewar wuta da inuwar da ba a ga mai ita ba, ba sai an kira sunan wani abin bauta ba. Idan rukuninku suka dage a kan abin da na lissafa, ka sami malamin kwas tun kafin a fara ɗauka, ka nemi ya sauya maka rukuni ko ya ba ka aikin rubutu a madadinsa.

Allah ne mafi sani.