Tsohon hannu ya ci mutuncin sabon shiga: a kore shi ko a ƙyale?

Malam, tambayarka ita ce: wanda ya rubuta kusan rabin manhajarku ya zagi sabon shiga wajen duba gyaran da ya turo, shin a kore shi ne ko a kau da kai? Kada ku yi ko ɗaya tukuna. Ku fara adana hoton maganar da adireshinta, domin yana iya gogewa. Sannan ku ɓoye ta, mutum biyu daga kwamitin da ke kula da ɗa'a a aikinku su rubuta wa mai zagin a keɓe, su faɗi ainihin kalaman da ƙa'idar da ya taka. Duk wanda yake abokinsa ya janye daga shari'ar. In Contributor Covenant na 2.1 (kundin ƙa'idojin ɗa'a na masu haɗa kai wajen rubuta manhaja) kuke bi, matakai huɗu ne: gyara (jan kunne a keɓe), gargaɗi, dakatarwa na ɗan lokaci, sai kora baki ɗaya. Zagi na farko yawanci a gyara ko gargaɗi yake tsayawa, amma barazana ko fallasa bayanan mutum ba sa jiran wannan jeri.

Sharaɗi ɗaya in abin ya kai ga dakatarwa: a GitHub, dandalin da ake ajiye aikin manhaja, ba a iya toshe wanda yake memban ƙungiyarku, sai an fara cire shi. Don haka ku karɓe ikonsa na shigar da gyare-gyare cikin manhajar, da kuma mabuɗan fitar da sabon sigar manhaja kafin saƙon dakatarwar ya isa gare shi, ba bayan ba. Nan ake yawan tuntuɓe. Wanda aka zaga kuma a sanar da shi hukuncin, ko a layi biyu ne, in ba haka ba zai ɗauka an binne maganar ya kama gabansa.