Yaya Zan Shirya Motata Don Kwanan Daji Ba Tare Da Ta Koma Zuƙar Mai Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura mai jan taya huɗu, ina so in shirya ta don shiga daji da kwana a can. Niyyata in ɗaga ta, in sa mata manyan tayoyi, tanti a kan rufi, bamba ta ƙarfe da injin jawo mota idan ta kafe. Tsorona kada ta koma zuƙar mai. Da wanne zan fara, wanne zan haƙura da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, duk abin da ka lissafa yana da kuɗinsa a gidan mai, amma ba ɗaya suke ba. Wanda ya fi cin mutane shi ne wanda ba sa zargi, wato kayan da ake ɗorawa a saman rufi.

Kafin ka kai dajin, yawancin tafiyar a kan kwalta za ka yi ta, a can kuwa iska ce babbar abokiyar gabar mota. Idan ka tashi daga gudun kilomita 80 a awa zuwa 110, turjiyar iska takan kusa ninkawa biyu. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa akwatin kaya a kan rufi yana rage nisan da mota ke ci da man da ta sha da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari a gudun babbar hanya, alhali kayan da aka ɗaura a baya ba sa wuce kashi 5. Tunda motarka mai bodi ce, ka yi sa'a. Ka sa a haɗa maka gajeriyar kariyar ɗora kaya a kan bodin, yadda idan an naɗe tantin ba zai wuce tsayin kan motar ba, ya fake a bayansa. Tantin ƙasa ma bai yi laifin komai ba, hoto ne kawai ba ya yi kamar na sama.

Sai taya. Mai manyan haƙora ta taɓo tana da kwarjini, amma tana da nauyi, tana kuka a kwalta, injin kuma yana wahalar juya ta. In ba cikin laka kake wuni ba, ka ɗauki mai matsakaitan haƙora wadda ke shiga ko'ina, girmanta kusa da wanda motar ta zo da shi. Babbar taya tana kashe wa giya ƙarfi, sai ka ji motar tana nishi a hawa kana ta sauko da giya. Tana kuma rikita lissafi: idan ka tashi daga inci 31 zuwa 33, ka yi tafiyar kilomita 100 mita za ta nuna maka wajen 94, ka ɗauka motar ta fi haka shan mai. In ka sassauta iskar taya don ratsa yashi, ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta. Don haka ƙaramin injin bugun iska ya riga bamba shiga lissafi.

Ɗagawa kuwa, inci 2 ya ishi yawancin hanyoyi. Fiye da haka iska ta sami wurin shiga ƙarƙashi, motar kuma ta fara rangaji a kwana.

Nauyi ba ya cin mai kamar iska, kusan kashi 1 cikin ɗari ne a kan kowane kilo 45, sai dai a hankali yake taruwa. Jarka uku ta ruwa mai lita 20 kilo 60 ke nan, ba a zo kan firji, batir, shebur da safayar taya ba. Buɗe ƙofar direba ka duba tambarin da ke jikin ginshiƙin, yawanci a nan ake rubuta iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai. Ka hau da motar kan sikeli da cikakken tanki, da kai da masu rakiyarka, abin da ya rage kafin a kai wannan iyakar shi ne rabon kayan. Batirin litiyam yakan yi kusan rabin nauyin na dalma, igiyar zare ta injin jawo mota ta fi ta waya rashin nauyi nesa ba kusa ba. In kana tafiya kai kaɗai, injin jawowar ya cancanci nauyinsa. In a ayari kuke, igiyar ja mai ƙarfi da allunan da ake cusawa ƙarƙashin taya sun wadatar, bambar ƙarfen ta jira.

Ni dai da zan ba ka shawara, kada ka taɓa komai tukuna. Ka yi kwanan daji biyu da motar yadda take, ka ga inda cikinta ya taɓa ƙasa da kayan da ka dawo da su ba ka ko buɗe ba. Ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka sake cikawa, sau uku, don ka san ainihin shanta. Daga nan ka riƙa sa abu ɗaya kana sake aunawa, ka fara da tayoyin.