Kumfa da yanarta, da kumfar baki

Wani ɗalibin kimiyya ya rubuto yana cewa: "Malam, a masana'antu ana raba abubuwa da kumfa. Tacewa zan kira wannan aiki? In kuwa kumfa na da amfani haka, me ya sa ake ce wa surutun banza kumfar baki?"

Ɗana, ba tacewa ba ce. Tacewa sai da rariya, ruwa ya wuce, datti ya tsaya. Kalmarka ita ce yaɗewa, wato kwashe abin da ya taso saman ruwa.

Wadda ta fi jan hankalina kuwa ita ce yana, irin ta yanar ido da yanar gizo. Kumfa iska ce da siririyar yanar ruwa ta lulluɓe. Fuskar ruwa a ɗame take kamar fatar ganga, sabulu kuma sassauta ta yake yi. Barbaɗa hoda a kan ruwa cikin faranti, ka taɓa tsakiyar da ɗan sabulu, za ka ga hodar ta watse bakin faranti kamar an kore ta. Gefen da ke ɗame ne ya ja ruwan daga inda ya sassauta. Haka yake a jikin kumfa. Duk inda yanar ta miƙe har sabulun wurin ya ragu, sai ta ƙara ɗamewa, ta jawo ruwa ta yi wa kanta faci. Masanin kimiyya James Thomson ya bayyana irin wannan gudu na ruwa a 1855, amma sunan Carlo Marangoni na Italiya, wanda ya yi nazarinsa a 1865, shi aka laƙaba wa gudun.

Wannan faci ke sa kumfa ta jure har ta kai sama da kayanta. A Broken Hill ta Ostireliya, a farkon ƙarni na 20, da kumfa aka riƙa ciro tutiya daga tarin ƙasar ma'adinai da aka zubar. Garin ma'adinin da ba ya jiƙa ya manne wa kumfa ya hau, yashi ya kwanta. Albarkacin kaza ke nan, ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Kumfar baki kuma asalinta miyau ne da ke taruwa a gefen bakin mai masifa. Bahaushe bai zagi kumfa ba, ya lura ne cewa wannan dai ko ka yaɗe ta, miyau kawai za ka samu.